Mabrad Mai Kusurwa

Ku matso, ku daina taɓa ƙarfen nan. Buhun riɗi Inna ta sayar ta ba ni kuɗin lori, na bar ƙauyenmu na wajen Basunda na nufi Gadarif. Kawu Isiya ne ya aike ni. Ya sayi zarton inji zai sare sabuwar gona, shehun gari kuma ya ce in ruwa ya sauka ba a share ba, wani za a ba. Ga zarto, babu mai iya wasa sarƙarsa.

A kasuwa na sami Usta Bashir mai wasa sarƙar zarto, gajere, mai faɗa kamar an taka masa ƙafa. Su can zarto munshar suke ce masa, sarƙa kuma jinzir. Ni na ce "jinjiri", har na bar garin sunana ke nan.

Kowa da zagayayyen mabrad yake wasa, wato magagari. Usta yana da wani mai kusurwa da ya samo wajen masu yankan katako. Ranar da na ga sarƙarsa ta ratsa gungume kamar kabewa, na ce ni wannan zan koya.

Usta ya ce, "Ya zol," wato kai mutumin nan, "wane itace za ku yanka?"

"Itace dai, Usta."

"Wane iri, na ce!"

"Ni dai koya mini."

Ya ce khalas, shi ke nan, ya miƙo mini. Abin da wuya, yara. Daga waje ake turo shi ciki, kusurwar mabrad ta zauna daidai kan kusurwar haƙori. Ka ɗaga hannu kaɗan, haƙori ya yi ƙugiya. Ka sauke, ya dakushe. Tsofaffin sarƙoƙi na yi ta ci, Usta na shan gahawarsu ta jabana yana cewa hannuna na lauje ne. Mai ɗakin da nake haya ma ta kore ni waje, wai ƙarar tana hana kajinta ƙwai. Ran da Usta ya shafa haƙori da yatsa ya ce "kwayyis", wato ya yi kyau, wallahi sai da na yi ƙwalla.

Na dawo gida hadari ya fara haɗuwa. Na wasa sarƙar Kawu, mutane sun kewaye mu. Reshen farko ya faɗi kafin a ƙifta ido. Sai Kawu ya sunkuya kan kututturen itacen talha, wanda baƙar lakar nan tamu ta bushe a jikinsa. Kafin ya gama kututture na biyu zarto sai ƙura yake fitarwa. Wasan kusurwa itace mai tsabta yake so, ƙasa kaɗan ta taɓa shi ya mutu. Abin da Usta yake tambayata ke nan.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, zagayayyen fa?"

Na ce ban koyo ba.

Da gatari muka ƙarasa, rabin gonar muka samu, rabin aka ba wani. Gonar da kuke ci yanzu ke nan. Mabrad ɗin kuwa, mayar da shi inda ka ɗauko, shi ke tare mini ƙofa.