Ɗiyata Na Son Karatun Injinan Asibiti

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ya aiki, ya iyali?

Ni tsohon malami ne daga Bakura. A zamaninmu, tumaki biyu mahaifina ya sayar a kasuwar Mafara, na gama karatu ba a bina ko sisi. Yanzu ɗiyata ta samu gurbin karatun injiniyan na'urorin asibiti, kuma fanshona ba zai kai ba, sai bashin ɗalibai.

Na ce mata, "In babu aiki, wa zai biya?"

Ta ce, "Baba, da akwai mai gyara injin asibitin da ya lalace ranar da Innata ta rasu, da ƙila tana raye."



Masu wannan aiki, albashinku zai iya biyan bashin? Ku ba ni shawara. Ina gaida abokan karatuna na garuruwan Kaya da Damaga.