Tauraro Ɗaya da Turmin Inna Rabi

Mai girma shugaban taro, shugabannin ƙungiyar masu sayar da kaset na Dutsin-Ma da Kurfi, malamanmu, iyaye mata, samarin da suka cika bakin taga, assalamu alaikum.

Na gode da kuka ba tsoho dama, ko da yake kunnena ɗaya ya riga ya yi ritaya.

Bara na ji wata jita-jita, na ƙi yarda. Wai wani mutum a Legas, wanda bai taɓa taka garin nan ba, zai kori Gidiyon mai kaset daga cikinmu da alƙalami. Na ce, yaya alƙalami zai tayar da wanda ya shekara goma sha biyu a rumfa ɗaya, wanda 'ya'yansa Hausar Katsina suke yi?

Ashe gaskiya ce. Gidiyon ya sayo kwali guda na wani kaset ɗin samarin Amurka, wanda suke kira hip-hop. Sai ga mujalla ta iso daga Legas, mai sharhinta ya ba kaset ɗin tauraro ɗaya cikin biyar, ya ce surutu ne a kan ganga. 'Yan boko suka karanta, suka ɗauke ƙafa. Gidiyon ya same ni, ya ce, "Baba, kunnena ya mutu. Mai kaset ba kunne, me ya rage? Gida za mu koma."

Ranar kasuwar Kurfi ya kai kwalin don ya rabar. Ya saka ɗaya a rikoda, sai Inna Rabi mai fura, mutuniyar Ɗantutture, ta sauke ƙwarya.

Ta ce, "Kai ɗan nan, wa ke daka a cikin akwatin?"

Ya ce, "Inna, ganga ce. Masana sun ce ba daɗi."

Ta ce, "Masanan sun taɓa riƙe taɓarya? Ba ni ɗaya, kuma saye zan yi, ba roƙo ba."

Ta kai gida, ta kunna a gefen turmi, geron da ke kai ta azahar ya daku tun hantsi. Matan ƙauyen Shema suka ji, na Kuki suka aiko a saya musu. Sati uku, kwali ya zama fanko.

To, jama'a, shin maganar mai sharhi tana da nauyi? Na farko, tana da shi, kada mu zalunce shi. Shi ya faɗa mana abin da yaran nan suke cewa da Turancinsu mai gudu, kuma uba yana da haƙƙin sanin abin da ke shiga gidansa. Na biyu, ya ce magana ce a kan kiɗa, bai yi ƙarya ba, sai dai mu da muka tashi da 'yan gambara masu zuba magana a kan ganga ba mu san ranar da wannan ya zama aibi ba. Na uku, shi a kujera ya saurara, Inna Rabi a tsaye, gumi yana zuba. Ku karanta shi, ku gode masa, amma kada ku ba shi aron kunnenku ya tafi da shi.

Allah Ya albarkaci kasuwarku, Ya bar mu da maƙwabtanmu, Ya mai da kowa gida lafiya.

Wadda ta zo daga baya ta tabbatar mini da shirinsu na komawa gida, da hawaye, jaka a ɗaure, ita ce Mabel matar Gidiyon. Ga ta can tana raba shinkafa. Jakar ta koma ƙarƙashin gado.

Na gode.