Bandar Kifi a Jirgin Asuba

Sallama gare ka, Malam mai karanta mana wasiƙu. Ni ce Hajiya Kande daga Haɗeja, ƙanena ne ya rubuta mini.

Bana muka tafi Makka, ni da maigida da ɗanmu Sule, wanda ban daɗe da yayewa ba. Da asuba muka shiga jirgin sama a Kano. Jirgi na tashi, Sule ya kama kunnuwa ya tsala ihu. Na miƙe zan goya shi, wata Baturiya ma'aikaciyar jirgin ta nuna mini in zauna. Wata tsohuwa a gefena ta ce, "'Yar nan, ba shi nono mana."

Na ce, "Iya, an yaye shi, ai ba a komawa."

Sai na kwance bakin zanena na ciro bandar kifi, wadda maigida ya hana ni tahowa da ita, wai zan ba shi kunya. Na cire ƙaya na ba yaro. Yana fara taunawa ya yi shiru. Can maigida ya miƙo hannu a hankali ya ce, "Kande, ni ma kunnena."

Iyaye mata, ku riƙe wa yara abin taunawa. A gaishe mini da masu banda na Kirikasamma, kifinku ya riga ku hawa jirgi.