Ƙasar Lambu a Buhu

A tashar Kawo, wani dattijo mai lambu da wani malamin gona suna jiran motar Zariya ta cika. Dattijon yana rungume da ƙaramin buhu.

"Baba, ƙasa za ka kai Zariya?"

"Ta lambuna ce. Ƙanena ya ba ni irin tumatir, wai cuta ba ta kama shi. Nasa ya yi kyau, nawa duk ya yanƙwane. Ya rantse iri ɗaya ne. Zan zuba wannan a lambunsa, mu ga mai gaskiya."

"Kada ka zuba! Cutar a cikin ƙasa take, kuma dangi-dangi ce. Irin yana iya jure ta wajensa, ya kasa jure taka."

"Cuta ma dangi gare ta? Ai duk mutuwar ganyen ɗaya ce."

"A ido ɗaya ce, amma wata ta fi wata zafi."

"Ke nan bai cuce ni ba?"

"Da alama. Kai ne za ka cuce shi in ka zuba."

Dattijon ya daɗe yana duban buhun.

"To, malam, ina zan zubar da ita? Ko'ina ai ƙasar wani ce."