Ƙarfen Sama da Ɗakin Hadiyya

Ga ta nan gare ku.
Ta zo mu ji.

A layin gidan likita na Zongo na ji wani direba yana tambayar wata tsohuwa, Hadiyya.

"Inna, me ya kawo ki?"

"Zafi, ɗana. A rediyo na ji tarkacen tauraron ɗan'adam na faɗowa, sai na daina kwana a tsakar gida. Kwana tara ina kulle a ɗaki."

"Yawancinsa ƙonewa yake tun a sama. Wanda ya iso kuwa, kwanon ɗakinki zai tare shi?"

"Wa zai gaya mini? 'Ya'yana duk sun koma unguwar Tampouy."

Direban ya ba ta wurinsa a layi. Aka yi mata ƙarin ruwa, ta mayar da tabarmarta tsakar gida, shi kuma ya kama hanyar Yamai.