Agogon da Sunka Ɗaura Mini

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa, ina gaishe ki da aiki. Ni ne Illa, manomin albasa daga wajen Tabotaki.

Tun da na dawo daga cin rani barci ya ƙaurace mini, gabana yana faɗuwa ba dalili. Lokotoron asibiti ya ce ciwon damuwa ne, ya haɗa ni da wasu masu bincike. Sunka ɗaura mini baƙin agogo mai auna bugun zuciya da barci, sunka ce ba wanda zai sani.

Amma Malama, ranar kasuwa sunka raba agogunan, gaban kowa! Kafin sati, duk inda na wuce sai in ji "ga mai agogon taɓin hankali". Wana Mamman ya hana ni kai shanunmu rijiya. Matata ta ce, "Malam, cire abin ga mu huta." Na ƙi, don ina so in san abin da ke damuna.

Na yi wata huɗu da shi. Ranar da sunka zo karɓa, na ce wa shugabarsu, "Madam, mi agogon ya gani?" Ta ce sai an duba a birni, za su kira ni. Yau damina biyu ke nan, lambar da ta ba ni ma ba ta shiga.

Sun samu abin da sunka zo nema, ni sun bar ni da suna. Don Allah ki tambayar mini masana: ba ni da hakkin jin sakamakon jikina ne? Wurin wa zan nufa?