Akwati na Sha Huɗu

Da la'asar ina jiran bas a ƙofar jami'a a Thunder Bay ta ƙasar Kanada, na tashi daga aikin wankin kwanuka. Wata ɗaliba tana duba takardunta, wata tsohuwa tana leƙawa.

"'Yata, wa ya cika miki takarda da jan biro haka?"

"Ban san shi ba, Mama. Ofis ya haɗa mu. Ba ya iya zuwa aji, ni nake rubuta masa lacca in jefa a akwatin wasiƙa na sha huɗu a ofis. Washegari in tarar da ita kan kujerata, ya gyara."

"Ke da taimako, shi da gyara? Ya samu baiwa!"

"Ai ya iya. Ya ce in daina bin malami kalma-kalma, in kama ma'ana, in bar fili a gefe don tambaya. Tun lokacin ban faɗi ba."

Tsohuwar ta daina dariya.

"Shekara ashirin na yi a ofishin nan. Sha huɗu na Corwin Delorme ne, haka yake koya wa kowa. Shekara tara da binne shi. Ni na kulle akwatin."

"Haba Mama, wani aka ba."

"Da wane makulli? Yana gidana."

Ɗalibar ta sake duba takardar.

"Yau ya rubuta in kawo masa da hannuna. Ƙarfe biyar, ajin ƙasa."

"Ga bas nan. Shiga mu tafi, 'yata."

"Jibi jarrabawa, Mama. Akwai abin da ban gane ba."

Tsohuwar ta riƙe ƙofa har direba ya yi magana. Muka tafi, ina hango yarinyar tana komawa ciki.